Na Je Duvu Neman Gadar da Aka Ce An Gama

Asabar: daga Mubi zuwa bakin mayo

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida a Mubi, rakoda a jaka. Masu sauraron shirina na rediyo za su tuna Mama Rifkatu, manomiyar da ta bugo waya daga wani ƙauye a yankin Duvu, ta ce gadar da aka yi shelar an gama musu babu ita. Bayan kwana biyu aka kira ta gaban mai unguwa, wai ta ɓata sunan manya, ta janye ko a kulle ta. Ni ma wani ya bugo mini, bai faɗi sunansa ba, ya ce in iya bakina. Sai na ce to, bari in je in gani da idona.

Keke ya kai ni bakin gari a naira ɗari uku. Daga can na hau babur ɗin Malam Buba, wani dattijo da ya san hanyar. Bakwai saura kwata muka iso shinge, wani jami'in tsaro ya juya katina na aiki.

"'Yar jarida? Me kike nema a ƙauye?"

"Aikina, yallaɓai."

Ya ɗage sanda, muka wuce.

Bakwai da rabi muna bakin mayo, wato kogin da ya raba ƙauyen da hanya. Ginshiƙi biyu na siminti na tarar, rodi ya yi tsatsa a kansu, shi ke nan gadar. Na tattare zani na bi mata masu kaya a ka, ruwa har ƙugu. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta minti arba'in.

A ƙauyen

Mama Rifkatu ta tare ni da kunun gyaɗa mai zafi. Na ce, "Mama, in kina tsoro zan ɓoye sunanki."

Ta ce da Hausarta ta Mubi, "Ɓoye na mene, 'yata? Matar ɗana ya haihu a bakin mayo ɗin nan, jariri bai yi rai ba. Sa sunana, sa har na babana."

Bayan azahar jama'a suka taru gindin tsamiya, Kirista da Musulmi, kowa na faɗin nasa. Wajen ƙarfe uku wani mai babbar riga ya iso, ya ce shi wakilin ɗan kwangila ne.

"Hajiya, ki goge abin da kika ɗauka."

"Ba zan goge ba, Alhaji. Amma ga rakoda, faɗi naka, zan sa shi kamar yadda zan sa nasu."

Ya miƙo hannu zai fizge. Ban saki ba, matan kuwa suka miƙe suka kewaye ni. Sai mai unguwa, wanda ke zaune cikin taron, ya tashi.

"Ni aka sa na kira baiwar Allah nan, kuma tun ranar nake jin kunya. Kunna, malama. Ni ma zan yi magana."

Ya yi minti shida yana magana. Wakilin ya kaɗa riga ya tafi. Na kwana a ɗakin Mama Rifkatu bayan tuwon dawa da miyar yakuwa.

Lahadi: komawa

Ƙarfe shida na kama hanya, na sami Malam Buba a ƙetare yana jira. Tara da kwata ina tasharmu ta rediyo. Manaja ya saurari abin da na ɗauko har ƙarshe, ya dafe kai.

"Kin san za su iya rufe mu?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma in muka danne wannan, gobe da wane ido za mu ce wa mutane su bugo su faɗi damuwarsu?"

A ƙarshe ya ce a sa. Ƙarfe huɗu muryar Mama Rifkatu ta fita, da sunanta. Kafin a rufe shirin an bugo daga Sahuda, an bugo daga Uba, kowa da abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Shida da minti goma na shiga gida, takalmina cike da laka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen ƙauyen da suka ciyar da ni suka kuma tsaya mini. Ba a kulle Mama Rifkatu ba. Gada dai har yau ba a yi ba, amma yanzu babu mai bakin cewa an yi.