Akwatin Kifi Ba Kifi

"Kai, me kake ɗiba a nan?"

Ina tsugune a ƙofar gida da kwano a hannu, bokiti ya kusa rabi. Na ɗago, sai ga Hajiya, mahaifiyar Alhaji, mai gidan da nake haya a unguwar Yerimaram, tana tsaye a kaina.

"Yashi ne, Hajiya. Na kifi."

"Kifi yashi yake ci?"

Ni dai kyan yashin ne ya ja ni. An yi ruwa da safe, ya wanko shi ya tara a bakin dakali, ja-ja, ba laka. Na daɗe ina neman irinsa don shimfiɗa a ƙasan akwatin gilashin da na haɗa. Na masu tifa ka yi ta wankewa ruwan ba ya washewa. Tsakuwar masu bulo kuma na ɗiga mata lemun tsami ta yi kumfa, alamar za ta ɓata ruwa.

Abin da ban lura ba, daidai nan Alhaji yake sa ƙafa in ya sauko daga mota. Kuma a satin ya kai shanu kasuwa an dawo da su ba ciniki. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan mai ɗibar sawun mutum.

"Mu je in ga kifin," in ji ta.

Ɗakina taga ɗaya ce, ita ma katanga take kallo, wuta kuma sai ta ga dama. Shi ya sa na zaɓi ciyawar ruwan da ba ta damu da haske ba, anubiyas, aka sako min a mota daga Kano. Ita ba a binne ta, in ka binne gindin ruɓewa yake. A jikin dutse ake ɗaure ta. Zaren da na samu a ɗaki kuwa baƙi ne.

Hajiya ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ina kifin?"

"Ba a sa ba tukuna. Sai ruwan ya zauna, ciyawar ta kama."

"Duwatsu a ɗaure da baƙin zare, a cikin duhu. To." Ta juyo. "Yaro, kai ɗan wane gari ne ma?"

Ta sani sarai a garin nan aka haife ni, ta san gwaggota.

Na mayar da yashin inda na ɗebo. Ita da kanta ta share wurin, ta bi da ruwa.

Daga nan gaisuwar Alhaji ta gajarce. Wata rana na dawo daga shago na tarar ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. 'Yan gurup ɗinmu na masu kiwon kifi a waya suka ce haka sabon akwati yake yi, in bar shi. Wataƙila. Amma dutse ɗaya ya juya baya, zarensa ya yi sako-sako, kuma mukullin ɗakin na biyu yana cikin gida wurin su Hajiya. Ban ce ita ce ba. Na dai fara maƙale tsinken ashana a saman ƙofa in zan fita. Wani lokacin in same shi a ƙasa, sai in tsaya ina tunanin ko iska ce.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji ya tsayar da ni.

"Malam, ɗan ƙanena na Nangere zai fara karatu a nan, ana maganar ɗaki. Ban yanke komai ba." Ya ɗan yi dariya. "Inna ta ce wai kifin naka ba a ganinsa da ido."

"Ranka ya daɗe, ruwan ne bai yi ba."

"To. In na kifi ne, a ga kifi."

Ina son ɗakin nan, a ƙafa nake zuwa shago. In na zuba kifi yanzu, ruwan bai zauna ba, za su iya mutuwa, kuma ku ƙiyasta Hajiya ta leƙo ta ga matattun kifi suna yawo a kan duwatsun nan. In na jira, ban san abin da ake kitsawa a cikin gida ba.

Da ku ne, za ku zuba kifin gobe ko za ku jira?