Ranar da Iya Ta Ce a Mayar da Kaset Baya

Ranar kasuwar Makarfi da ta wuce, ina ratsawa ta layin 'yan gwangwan, sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar bidiyo, irin mai cin kaset ɗin nan, an jefar da ita tsakanin matattun fitilu da ƙafar keke. Na tsuguna na tura yatsa a bakinta, murfin ya buɗe ya rufe kamar da. Mai kayan ya ce ƙarfe ne kawai, in ina so in ɗauka. Ban ɗauka ba, me zan yi da ita? Amma har na hau mashin na kama hanyar gida, kunnena bai daina jin ƙugin da take yi in ana mayar da kaset baya ba, kuma ba wanda ya cika min rai sai kakata.

Bari in faɗa maka tun yanzu, ni mutum ne mai ƙorafi a kan finafinan zamani, har abokan aikina a makarantar da nake koyarwa sun gaji da ni. Hoto ya yi kyau, ban musa ba, har gumin goshin mutum kana gani. To amma na Amurka yanzu duk mutane ne ke tashi sama suna rushe gari, ba ka san uwar kowa ba balle ka ji tausayinsa. Namu na Hausa kuwa an mai da su dogon zango, labarin da bai fi a gama shi tsakanin Azahar da La'asar ba sai a ja shi shekara biyu. Wannan ƙorafi ba a ƙasa na tsince shi ba, gado na yi.

Gidanmu na wani ƙauye ne kusa da Gubuchi, ƙasar rake. In damina ta ɗauke aka fara sara, ƙamshin mazarƙwaila ne ke tashinmu, ana dafa ruwan rake a bakin fadama, doki na ta zagaye yana juya injin matsa. A irin wannan lokaci ne Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo daga Zariya da bidiyo da talabijin da ɗan ƙaramin janareta. Aka kafa doka: kallo sai ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, a rumfar tsakar gida. Mata da yara a tabarma, maza a baya. Kakata, wadda kowa ke kira Iya, ita ce a gaba da kujerarta 'yar tsugunno, ni kuma a gefen ƙafarta, don ni aka yarda in taɓa maɓallan. Maigida take ce min, irin wasan kaka da jika, ta ce ta yi dacen miji mai ilimin inji amma ba ya kawo cefane.

Iya ba ta jin Turanci, ba ta jin Indiyanci, amma ba fim ɗin da ya taɓa wucewa ba ta yanke masa hukunci ba. In aka sa na 'yan Cana masu faɗa, takan zuba ido na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko mutanen nan ba su da gona ne. Namu na Hausa ta fi tsananta musu, don tana jin abin da suke cewa. Ta taɓa sa aka tsayar da wani don kowa ya ga mace na tuƙa tuwo sanye da leshi da sarƙa, ta ce wannan ko murhu ba ta taɓa hurawa ba, a dubi yadda ta riƙe muciya. Na tsafi da bokaye kuwa, da ta ga jan ƙyalle sai ta yi a'uziyya ta ce a cire. Na Indiya ta fi so, duk da takan ce kafin su gama waƙa ɗaya ta gama dakan fura. Abu guda ne ke ɓata mata rai a cikinsu: yadda uwa ke rungume ƙaton ɗanta tana kuka tana kiran sunansa a gaban mutane. Duk inda aka zo wurin nan sai ta ja tsaki, ta kau da kai, ta ce matan nan ba a raba kunya da su ba.

Sai ka san wace ce Iya kafin ka gane tsakin nan. Mahaifina shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ita kuwa da jinin Fulani a jikinta, tata kunyar ta ninka ta kowa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta duban fuskarsa. In ya zo gaishe ta da safe, yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana duban bango. In tana da saƙo, ni take aika, ta ce in gaya wa mutumin can danga ta faɗi. Baffa kuwa har kwanonta yake sa hannu, tana zaginsa tana dariya. Mun tashi mun ga haka, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

A shekarar da nake ba ka labari, tsutsa ta cinye mana tumatirin rani, damina kuma ba ta yi wani abin kirki ba. Wani abokin Baba, wato mahaifina, da ke kai rake Kudu a babbar mota ya samo masa aikin gadi a can, aikin da ba a dawowa gida sai bayan shekara biyu ko uku. A lokacin kuma ƙafafun Iya sun fara kumbura, ta daina zuwa ko maƙwabta. Wata rana ina fere mata rake ina yanka mata ƙanana, ta ce in zaɓo mai zaƙi, don ba lallai ta ga saran baɗi ba. Cikin wasa ta faɗa, amma ban ji dariya a muryarta ba.

Baba ya aiki Baffa ya nemo masa izininta. Me za ta ce? Ta ce a hana ɗan fari tafiya don tana son ganinsa? Bakinta ba zai iya ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Baba ya ɗauki wannan a matsayin sallama, kuma ta yi masa ciwo. Na ji shi yana gaya wa mahaifiyata cewa da Baffa ne zai tafi, da tsohuwa ta kwanta a ƙofar gida. Mutum mai 'ya'ya biyar, amma ranar muryarsa ta yaro ce. Shi da ya fi kowa sanin al'adar, shi ne ya kasa karanta ta. Aka sa tafiya ranar Asabar da safe, in an gama lodin rake, ya ɗaure 'yar jakarsa ya ajiye a zaure.

Juma'ar nan aka sa wani fim ɗin Indiya, tun ba a fara yi musu fassarar Hausa ba. Baba ba mai kallo ba ne, amma ya zo ya zauna can baya a kan turmi, ina jin don ya ƙara ganin gidan ne. Ana cikin tafiya sai aka zo inda wani saurayi zai bar ƙauyensu, ya hau amalanke da ƙunshinsa. Sai ga uwarsa ta fito a guje ba takalmi, mayafi na jan ƙasa, ta cim masa ta riƙe bakin rigarsa tana kuka. Duk muka saurari tsakin Iya, har ƙanwata ta fara dariya tun kafin ya zo. Bai zo ba.

"Maigida, mayar min da wurin nan baya."

Na danna, inji ya yi ƙuginsa, matar ta sake fitowa a guje. Da ta riƙe rigar, Iya ta ce in ƙara. Sau uku muna kallon matar nan tana gudu, ba mai tari a rumfar, sai ƙarar janareta daga bayan ɗaki. A na ukun ne ta dafa kaina, ta yi magana da ƙarfin da ban san tana da shi ba, yadda na kan turmi zai ji.

"Ka ga matar nan? Na daɗe ina zaginsu, Allah ya yafe min. Wannan ta yi daidai. Ta fi ni, ita tana da ƙafa kuma tana da baki."

Ba ta waiwaya ba. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, Baffa ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta. Na juya na ga Baba ya miƙe ya fita. Daga baya muka ji wurin mai motar ya je. Da gari ya waye ranar Asabar, motar rake ta tashi ba shi, ya ɗauki addarsa ya nufi fadama, ni kuma aka ce in mayar da jakar ɗaki. Da ya zo gaisuwa ya durƙusa a inda ya saba, ta amsa tana duban bango kamar kullum, sai dai ta ce in gaya wa mutumin can akwai sauran fura a ƙwarya.

Mun sha wuya a shekarar, ba zan ɓoye maka ba. Amma Iya ta ga saran baɗi, ta sha rakensa, kafin na gaba ya nuna Allah ya karɓi abarsa. Baba ne ya shiga kabari ya karɓe ta da hannunsa.

Yanzu a gidan nan kowa da wayarsa, kowa da abin toshe kunnensa, mutum biyar a ɗaki ɗaya suna kallon fim biyar. Matata tana kiran ɗanmu na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, tana jan kumatunsa, kuma wallahi ina jin daɗin hakan, ba na so ya kai shekara arba'in yana tambayar kansa ko ana sonsa. Ƙorafina da finafinan yau shi ne ba su yarda da mai kallo ba. Komai sai an faɗa da baki, a maimaita, a bi shi da kiɗa mai tsuma rai don kada ka manta ka yi kuka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, su kuwa ba sa barin fuska ta yi shiru ko na minti ɗaya. Akwai masu kyau jefi-jefi, na gani, har na yi hawaye a wani. Amma ni kaɗai na kalle shi, ba wanda zan ce wa ya mayar min baya don wani ya ji.

Baba ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni. Da na dawo daga kasuwar nan na same shi a inuwar zaure, na tambaye shi ko yana tuna fim ɗin ranar, don na so in nemo shi a waya mu sake gani tare. Sai ya ce shi bai san ko mene ne a ciki ba, ko matar da ake ta magana bai gani ba.

"A ranar na san washegari zan tafi," in ji shi. "Tun da aka kunna, ƙeyarta nake kallo."