Hancin Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya ya yi yana ci da iyalinsa da hancinsa. Ba zolaya nake yi ba. A kantin sayar da ganyen shayi yake aiki, kuma duk buhun da ya shigo ta ƙofar baya sai ya shinshina, ya ɗanɗana, ya sa hannu, kafin a zuba a gwangwani a kai gaban kanti. Mutanen layin sun ma manta sunansa, Mai Hanci kawai ake ce masa.

Da dako ya fara. Wata rana yana sauke kaya daga mota, ya dire wani buhu ya ce da mai kantin wannan ya kwana kusa da kalanzir. Aka yi masa dariya, aka ce ɗan dako ya zama malami. Da aka dafa ganyen, sai ga warin kalanzir a kofi. Tun daga ranar bai sake ɗora buhu a ka ba. Mai kantin, wanda tsoho ne, ya zaunar da shi a ɗakin baya ya koya masa aikin, kuma da ya rasu, 'yarsa da ta gaji kantin ta gaje shi har da Kawu. Uwarɗaki muke ce mata.

Hancin nan kuwa ya sha gata fiye da 'ya'yansa. Ba ya cin yaji, ba ya shafa turare, ba ya zama kusa da mai shan taba. Matarsa, Iya, takan ce ita kaɗai ce macen da ta yi shekara talatin tana dafa wa mai lafiya abincin majinyata. Idan ka zo gaishe shi da turare a jiki, daga bakin ƙofa zai amsa maka, ya ce ka gaida gida.

Ni na shigo kantin ne bayan rasuwar mijina, ina da shekara talatin da huɗu da yara uku. Kawu ne ya roƙi Uwarɗaki ta ɗauke ni a ɗakin ƙulle kaya. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu gare ni, amma hakan bai taɓa hana shi yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, ya faɗa in mayar. Sau biyu ina ajiye tsintsiya in ce na bar aikin, sau biyu ina dawowa da safe kamar ba ni ba.

Ɗakinsa ƙarami ne, taga ɗaya. Dogon tebur, fararen kofunan tangaran masu murfi guda shida a jere, ɗan ma'auni, buta, agogo, cokali, sai bokitin tofarwa a ƙasa. Giram uku a kowane kofi, ba ƙari ba ragi. In ya buɗe murfi, murfin yake fara kaiwa hanci kafin ruwan. Sannan ya ɗebo a cokali ya zuƙa da ƙara, fuuut, irin zuƙar da in yaro ya yi sai an make shi, ya juya a baki, ya tofar. A nan zai ce maka wannan an tsinke shi bayan ruwan sama, wancan wuta ta yi masa yawa, na ukun kuma an gauraya shi da na bara.

Iri biyu ne ya fi yi wa hidima. Akwai baƙin nan da ake dannewa ya zama kamar faifai, a naɗe a takarda, wanda aka rubuta wa pu-erh a jiki, mu dai fu'a muke cewa. Shi da tafasasshen ruwa ake yi masa, a zubar da ruwan farko, Kawu ya ce wanke masa fuska ne. Ƙamshinsa kamar ƙasa ta sha ruwan fari, kuma yana ƙara daɗi da tsufa. Ɗayan farin shayi ne, 'yan tofo masu gashi-gashi, wanda ba ya son ruwa mai zafi sosai, sai an bari ya ɗan huce. A cikinsa akwai wanda ake sa wa ƙamshin mangwaro, 'yan mata na rububinsa. Kawu ba ya ƙinsa, yakan ce kwalliya ce, ba laifi ba ne, a dai nisanta shi da sauran. Ganyen shayi ɓarawon ƙamshi ne, duk abin da ya zauna kusa da shi sai ya kwasa. Wannan ita ce dokar farko a kantin, kuma na ji ta ya fi sau ɗari.

A shekarata ta uku ya yi wani zazzaɓi mai mura, ya kwanta sati biyu. Da ya dawo sai ya canja. Ya fara kirana ɗakinsa duk ranar ɗanɗano.

"Uwata, ajiye wannan ledar ki zo. Shinshina nan. Me kika ji?"

In ce hayaƙi-hayaƙi nake ji, ya gyaɗa kai. In ce wannan da ɗan tsami, ya ce ashe kina da kai. Wallahi kaina ya kumbura. Na je gida na gaya wa yarana Kawu ya ga baiwa a jikina, yana koya mini aikinsa. Wata biyar muna haka, ban taɓa lura cewa kullum ni nake fara magana ba.

To, ga inda na yi ɓarnar. Rufin ɗakin ajiya ya fara yoyo ta kusurwa ɗaya, aka ce in kwashe abin da ke wurin kafin magini ya zo. Ranar kaina a ɗaure yake, autana ba lafiya, ina sauri in tafi. Na ɗauki jakar farin shayi mai mangwaro, wadda an riga an buɗe bakinta an ɗan naɗe kawai, na cusa a kabad ɗin da na ga da fili, na rufe. A cikin kabad ɗin nan akwai faifai arba'in na fu'a, sabon zuwa, ba abin da ya raba su da iska sai takarda. Sati uku cur suka yi tare.

Ranar da na buɗe, ƙamshin mangwaro ya doke ni a fuska. Na zare jakar a ɓoye, na bar kabad a buɗe kwana biyu, ina addu'a iska ta kwashe. Ina! Abin ya riga ya shiga ganye.

Ranar Laraba Kawu ya ce a kawo faifai ɗaya a gwada kafin a fitar. Ni na ɓantaro, ni na auna, ni na wanke masa fuska. Turirin da ya taso ma kaɗai ya isa ya tona ni. Na tsaya ina jiran tsawa. Ya ɗaga murfi ya kai hanci, ya daɗe, ya zuƙa, ya tofar, sannan ya turo mini kofin.

"Uwata, me kika ji?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ƙamshin ƙasa ne, Kawu. Lafiya lau."

Na faɗa ne ina jiran ya ce ƙarya kike, don ubanki. Sai ya gyaɗa kai, ya jawo takarda ya sa hannu.

A nan na gane. Ashe tun zazzaɓin nan hancin ya tafi, ba koya mini yake yi ba, aron nawa yake yi. Tausayinsa ya kama ni. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, a ƙarƙashin tausayin akwai wani daɗi da na ji, na cewa na tsira. Wannan daɗin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Kwana tara aka yi. Wani tsohon likitan haƙori, wanda ya fi shekara ashirin yana sayen fu'a a wurinmu, ya shigo da faifansa a hannu ya ajiye a kan kanta. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in mangwaro yake so ya san hanyar kasuwa.

Uwarɗaki ta kira mu ɗakin ɗanɗano, ni da Kawu, ta rufe ƙofa. Ta shinshina faifan ta runtse ido.

"Duka arba'in ɗin haka suke. Wa ya haɗa su da mai mangwaro? Duk wanda ya yi wannan, yau ya gama aiki a nan."

Yarana uku na gani a gabana. Na ce, "Ni dai ban sani ba, ranki ya daɗe, hannu da yawa ke shiga ɗakin nan. Kuma ai kafin a fitar sai da Kawu ya ɗanɗana ya sa hannu."

Ta juya ta dube shi. Shi kuma ni ya duba. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, ya tuna wa ya tambaya ranar Laraba da amsar da aka ba shi. Kalma ɗaya zai faɗa in kama hanyar gida. Bai faɗa ba.

Uwarɗaki ba wawuya ba ce. Ta ce in dafa kofi uku, biyu daga tsohon fu'a mai kyau da ke cikin ofishinta, ɗaya daga wanda ya lalace, Kawu ya juya baya. Na dafa, na jera su a kan tebur. Na tsakiya ne mai mangwaro. Ko daga bakin ƙofa mai mura zai nuna shi.

"Baba," ta ce, don haka take kiransa, "nuna mini wanda ya fita daban."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, murfi, cokali, bokiti, yadda ya saba, ba gaggawa. Ya sake bi. Sannan ya ɗago ido a hankali ya dube ni. Ina tsaye a bayan Uwarɗaki, ba ta ganina. Ido kawai zan kai kan kofin tsakiya, shi ke nan, ko yatsa ba sai na motsa ba. Amma na lissafa a raina, in ya faɗa daidai, magana za ta bar kan hancinsa ta dawo kan kabad, kabad kuwa ni ce. Sai na sunkuyar da kai na kama goge buta da bakin mayafina.

Ya nuna na hagu.

Uwarɗaki ta zauna a kan kujera. Ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

"Tun zazzaɓin nan," ya ce. "Na ɗauka zai dawo."

Ba ta kore shi da wulakanci ba, kuka ma ta yi. Ta ce ya zauna ya riƙa kula da ɗakin ajiya. Ya ce ya gode, amma wanda ya sa hannu a kan abin da bai ji ba, bai cancanci riƙe makulli ba. Ya wanke cokalinsa, ya goge, ya ajiye a mazauninsa, ya fita ta ƙofar baya. Maganar wanda ya haɗa kayan ba a sake tayar da ita ba, babbar magana ta danne ƙarama. Bayan wata guda ta ce tunda ni ce na fi kowa zama kusa da shi, in gwada zama a kujerarsa. Na gwada. Abin haushin, na iya.

Na daina zuwa gidansu. Iya ta aiko tana tambaya ko an yi mini laifi ne, na ce aiki ne ya yi yawa. Sau nawa ina shiryawa in je in durƙusa in faɗi gaskiya, in kai bakin layinsu in juyo. Ni da nake taƙama ba na tsoron kowa, ni da bakina ba ya mutuwa, sai ga shi na kasa haɗa kalma huɗu.

Wata takwas bayan haka, da hantsi, ina gaban kanti ina jera gwangwanaye, sai ga shi ya shigo ta ƙofar gaba, inda masu saye ke shigowa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na rasa inda zan sa kaina.

"Kawu, sannu da zuwa. Shigo ciki mana."

"A'a, nan ma ya isa. Shayin gida ne ya ƙare. Auno mini burbuɗi, rabin kilo."

Burbuɗi shi ne garin da ke taruwa a gindin buhu, wanda muke tarawa mu sayar da araha ga masu teburin bakin titi.

"Haba Kawu! Burbuɗi? Kai?" Na miƙa hannu zan sauko da gwangwanin da ke can sama.

"Bari, Uwata. Kar ki ɓata mai kyau a kaina. Ni yanzu ruwan zafi kawai nake ji."

Hawaye ya cika mini ido. Na ce, "Kawu, ranar nan, ni ce..."

Ya ɗaga hannu ya tare ni. Ya waiga ya ga Uwarɗaki na cikin ofis, ƙofarta a buɗe. Ya rage murya.

"Kina da yara. Riƙe aikinki da kyau."

Ban ƙarasa ba, kuma bai sake ba ni damar ƙarasawa ba har ya bar duniya. Na jawo buhun burbuɗi daga ƙarƙashin kanta, na auna masa rabin kilo, na ƙulle ledar da hannuna na miƙa masa.