Lambar Inna Ummuhani

Malam Ladan ya koyar da lissafi a unguwar Miskine kafin rikici ya koro shi unguwar Kilomita Biyar, inda ya kafa teburin sayar da layin waya a Titin Koudoukou. Ba ya sata, ba ya fashin salla, amma matarsa Fauziyya ta daɗe da sanin cewa lamba ta fi mutum daraja a wajensa. Ka gaishe shi, sai ya tambayi lambarka. Ya gaya maka cika ce ko mara, tara na raba ta ko ba ta rabawa. Wadda babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta kuwa, har lumshe ido yake kamar ya sha fura mai sanyi.

Ana nan sai Inna Ummuhani mai ƙosai ta kawo wayarta da ta ƙi kamawa. Ɗanta Rilwanu ya bi motocin gudun hijira tun shekarar rikici, bai kuma san komai nata ba sai wannan lambar. Da ita take kwana, da ita take tashi.

Ladan ya duba lambar, ya sake dubawa: ta hagu ko ta dama, karatunta ɗaya ne.

"Inna, layin nan ya mutu. Ga sabo, kyauta."

"To in Rilwanu ya kira fa?"

"Zai same ki mana."

"Singila, na gode, ɗana, Allah ya yi albarka." Har ƙosai ta aiko masa, ya ci kuma, mara kunya.

Wata ranar Fauziyya ta kawo masa abinci, ta tarar ya sa tsohon layin Inna Ummuhani a wayarsa yana nuna wa 'yan acaɓa.

"Duk irinta mai gurbi takwas, goma sha ɗaya na raba ta babu saura. Ku gwada!"

Sai wayar ta yi ƙara. Ya danna, kowa na ji.

"Alo? Inna? Inna, ni ne Rilwanu!"

"Ka yi kuskuren lamba," in ji Ladan. Ya kashe, ya ci gaba da rabawarsa daga inda ya tsaya.

Fauziyya ta dube shi. Wannan ne mutumin da take wanke wa riga? Tir! Ta dire kwanon, ta fizge wayar, ta nufi wajen mai ƙosai ko takalminta ɗaya da ya cire ba ta tsaya ɗauka ba.

Suka bi kiran. Wani mai shago ya ɗauka a garin Garuwa-Bulai na bakin iyaka, ya ce matafiyi ne ya ari wayar, da aka ce masa kuskure ne ya zauna ya yi kuka, motarsu kuma ta tashi.

Fauziyya ta koma gidan yayanta. Ladan na nan a teburinsa, yana cewa an raba shi da lambar da ba a san darajarta ba. Inna Ummuhani kuwa da hannu ɗaya take suya yanzu, ɗayan na riƙe da waya.