Randar da Inna Aina'u Ta Gina Sau Biyu

Kafin kaji su sauko daga kan danga, Inna Aina'u ta idar da sallar asuba, ta yaye tsumman da ta rufe yumɓunta da shi. Haka take yi shekara hamsin da ɗoriya a ƙauyenmu, gabas da Bagwai. Daga bakin fadama ake haƙo mata yumɓun. Ta jiƙa shi ya kwana biyu, ta daka tsingaron tsofaffin tukwane ta zuba masa, ta shiga da ƙafa tana takawa har ya yi laushi kamar tuwon da ya sha tuƙi. Sai ta kife tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta tana bubbugawa, gindin sabuwa ya fito. Wuya da baki kuwa da hannu take tayar da su. In tukunya ta sha iska, ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka da ta shirya a zare har ta ɗauki sheƙi.

Mai wannan magana ni ne, Usaini, ƙanin mijinta marigayi. Ban taɓa shiga aji ba, baki na bayar aka rubuta. Amma agana ta kama ni ta sake ni, na ga farin da ya cinye shanun ƙasar nan, rijiya gaba goma sha biyu ta rufta da ni na fito da ƙafata. Wanda ya ga waɗannan ba ya yabon mutum a banza.

Ku tambayi Kaltumi mai waina. Tana amarya ta dawo wa Inna da tukunya a tsage, tana kumbure-kumbure.

"Inna, ran farko fa ta tsage."

"A wace wuta kika ɗora ta?"

"Wutar tuwo mana."

"To, ke ran da kika tare, gona aka kai ki?"

Ta zaunar da ita ta karanta mata. Sabuwar tukunya ruwan ƙasari ake fara zuba mata, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ta saba. In an sauke ta da zafi, ba a dire ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Randa kuwa ba a wanke ta da omo, don shanye shi take yi ta mayar wa mai shan ruwa. Soso da ruwa sun ishe ta, a kife ta a turara. Ta ba Kaltumi wata tukunyar, ta ƙara mata da tanda. Da tandar nan Kaltumi ta fara sana'ar da ta rayar da 'ya'ya bakwai.

Bara Inna ta ce ta ajiye aiki, gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, ko moɗa sai da hannu biyu. Sai ga shi bana a ƙarshen bazara wani bijimi ya tsinke ya ture randar ƙofar masallacinmu, wadda ita ta gina tun tana goyon fari. Maza suka ce a sayo ta roba. Inna ta aika wa liman cewa ruwan roba da tsakar rana shayi ne, a ba ta dama ta gina ta ƙarshe. Abin da ke gabanta shi ne damina. A fili ake gasa tukwane, da kara da kashin shanu. Ruwa na sauka, sai kuma kaka, hannun nan kuwa ba zai jira kaka ba.

Kwana tara tana tayar da randar, har ta kawo mini ƙirji. Ta bar ta a zaure ta tafi suna Tofa na kwana biyu. A nan ni da Nababa ladan muka yi tamu dabarar. Muka ce inuwa ɓata lokaci ce, ga rana kyauta. Muka rungume ta muka kai tsakar gida ta wuni biyu, muka mayar kafin mai ita ta dawo.

Aka gasa. Ta fito ja wur, mutane suka taru suna barka. Inna ta dafa sanda ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. Ta sake ƙwanƙwasawa.

"Wa ya kai mini ita rana?"

Nababa ya shiga duban takalminsa. Ni kuwa ba a haife ni da ɓuya ba. Na ce, "Ni ne, matar Yaya. Taimako na yi."

"Sannu, sarkin dabara! Rijiya ta kasa kashe ka, ashe ajiye ka ta yi ka kashe mini randa. Ɗanyen yumɓu in ya ga rana, baya ya bushe ciki da danshi. Tsaga tana nan kamar silin gashi."

Liman ya ce, "Inna, tunda ido bai gani ba, a shafe ta da siminti mana."

"Allah gafarta Malam, ran da ta buɗe ta bar masallata da ƙishi, sunan siminti za a kira ko nawa?"

Ta ce a miƙo mata taɓarya. A gaban idon kowa ta rotsa aikin kwana tara. Mata suka yi salati. Ta juyo ta dube ni.

"Tuɓe takalmi, mijina. Ƙafar da ta ɗauke ta ita za ta taka yumɓun wata."

Na taka kuwa, kuma ina faɗa da babbar murya, ba saurayin da zai taka kamar yadda na taka. Ita ta ɗaure wuyan hannu da tsumma ta sake farawa. Nakan ga ta tsaya ta cije leɓe, ta tsoma yatsu a ruwan ɗumi, ta koma. Da ginin ya ƙare, hadari ya fara haɗowa daga gabas kullum la'asar. Kowa na cewa a gasa, a gasa. Inna ta ce ko sama za ta faɗo, sai randa ta cika kwanakinta a inuwa. Karan gidanta ya ƙare a gashin farko, sai matan unguwa suka kwaso na girkinsu, kowace da daminta a ka.

Ran Laraba da hantsi aka cinna wuta. Alhamis da safe aka ture toka. Ba wanda ya yi barka wannan karon. Inna ta ƙwanƙwasa. Randar ta amsa, ƙau, kamar ƙararrawa, har na bayan danga suka ji.

"A ɗauka," in ji ta. Ta nemi kujera ta zauna, ta kwance tsumman hannunta. "Na gama."

Ƙarti huɗu suka kai ta ƙofar masallaci. Kafin azahar ruwan farko ya sauka.

Inna Aina'u, ke ce uwar randa, mai sanyaya maƙogwaron baƙo da ɗan gari. Ke ce kika girka wa ƙauyen nan tuwo ba tare da kin shiga madafin kowa ba. Na gode, mun gode. Allah ya sassauta wa yatsun nan, ya shayar da ke daga Alkausara yadda kika shayar da bayinsa.

Ku kuma masu sana'a, magini da maɗinki da mai gyaran babur, na ga tsohuwa mai ciwon hannu ta fasa abin da duk gari ya yaba, don ita kaɗai ta ji aibinsa. Kafin ku miƙa wa mutane aikinku, ku kara kunne. In bai amsa ba, taɓarya ba ta da tsada.