Hannun da Ke Gefen Kowane Hoto

Kafin malamin farko ya leƙo kulob ɗin malaman jami'a, Baba Mai Shayi ya riga ya ɗora buta, ya jera kofuna, ya nesanta kujerun farfesoshin nan biyu da ba sa ga maciji tun wata gardama kan fanka. Shekara talatin da bakwai ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Hotuna arba'in ne a bangon kulob, babu fuskarsa ko a ɗaya, sai hannunsa a gefe riƙe da faranti. Matarsa takan ce, "Maigida, kai ke aiki a can, ko hannunka kake aikawa?"

Da aka tashi rubuta tarihin kulob, kowa ya ce shi ya kafa shi. Farfesan tarihi ya yi wata uku yana hararar hotuna, ya kasa sanin na gaba da na baya. Baba ya zo kwashe kofuna, ya leƙa.

"Ranka ya daɗe, wannan kafin ruwan zafi ya ƙona ni ne, duba, babu tabo. Wancan kuwa ga agogon da surukina ya ba ni, shekarar da aka sauya rufi."

Kafin shayi ya huce an jera tarihi kaf, har aka gano cewa wanda ya fi kowa bugun ƙirji bai iso ba sai bayan tabo.

Baba, kai ne ka rage wa masu ciwon sukari zaƙi ba su sani ba. Kai ne ka saurari laccocin da ɗalibai suka gudu suka bari. Gaskiya mu malamai mun ji kunya.

Ranar bankwana aka zaunar da shi a tsakiya, cikin sabuwar riga. Mai hoto ya ce kowa ya tsaya cak, sai tari ya sarƙe farfesan tarihi. Zumbur Baba ya miƙe neman ruwa. Da hoto ya fito, ga kujera wayam, ga hannu a gefe riƙe da kofi.

Aka ce a sake. Matarsa ta share hawayen dariya ta ce, "Ku sake, amma wannan nawa ne. Shi ne mijina."

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mu kuwa masu cika hoto da fuska, ko sau ɗaya mu gwada miƙa hannu.