Hasken Ranar da Rumbunanmu Suka Ƙone

Ranar Alhamis aka ƙona rumbunan babanmu, ana tsakiyar cin kasuwar Shinkafi, lokacin da duk wani namiji mai ƙarfi ya bar Badarawa. Ina ajin ƙarshe na sakandare. Abincin shekara ne a cikin rumbunan, gero da dawa, ba a jima da gama shigar da dammuna ba. Da rana tsaka wuta ta tashi a bayan gida. Inna da matan unguwa suka yi ta watsa ruwa da ƙwarya da bokiti har hannuwansu suka yi bororo, amma rumbun kara ba ya jiran kowa. Da baba ya dawo, toka ya tarar, sai ƙaurin hatsi da ya cika gari.

Babu wanda ya ga mai sa wutar. Amma mun san ko wane ne. Akwai wani maƙwabcin gonarmu da suka yi rigimar iyaka da baba a daminar nan. Ya tuge gambar da ta raba gonakin biyu, ya shigo mana da garma, maigari ya tsawata masa a gaban jama'a ya sa ya mayar. Ranar kasuwar nan shi kaɗai bai je ba, wai ƙafarsa na ciwo. Da yamma ya zo jaje da sanda, yana ɗingishi, har da cewa Allah ya tona asirin azzalumi.

Baba bai kai ƙara ba, don ba shi da shaida. Ya tafi ci-rani kudu da tsufansa, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Bayan rasuwarsa mutumin ya sake tuge gambar, kowace damina ya ci mana kunyar gona ɗaya ko biyu, mu kuwa ba mai tsaya mana.

Na samu shiga poli a Ƙaura. A can ne wani malaminmu na fiziks ya faɗi maganar da ta zauna mini. Ya ce duk abin da ido ya gani, haske ne ya taso daga abin ya iso ido, kuma haske tafiya yake yi, yana ɗaukar lokaci. Ranar da muke gani a sama, ta mintoci kaɗan da suka wuce ce. Hasken da ya bar duniya bara yana nan yana tafiya cikin sarari, ɗauke da kamannin abin da ya faru bara. Ɗalibai suna rubutu, ni kuwa na ajiye biro. Na ce, Malam, wanda ya fi haske gudu fa? Ya ce da zai yiwu, sai ya cim ma tsohon haske ya ga abin da ya wuce. Amma ba zai yiwu ba. Duk abu mai nauyi, gwargwadon yadda ya kusanci gudun haske, gwargwadon yadda ƙarfin da ake buƙata a ƙara tura shi yake hauhawa, har ya zama ba shi da iyaka.

Na fahimci lissafin, na kuma ci jarrabawar. Amma duk da haka na yi shekaru ina yin wannan tafiya a raina. A kan babur tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ko ina tsaye gaban allo bayan na zama malami, sai in ga na wuce taurari ina bin hasken Alhamis ɗin nan. Ba baba nake so in gani ba. Hannun da ya sa wutar nake so in gani, da fuskar da ke sama da shi.

Wata Sallah babba na je gida. Bayan la'asar muna zaune gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, dattawa da 'yan samari, maƙwabcin gonar nan tamu yana gefe kan buzunsa, ya tsufa ya yi furfura. Limamin unguwa ya ce, “Malam, wai mi kake koya ma yara can Ƙaura?”

Ban shirya ba, amma da na dubi mai buzun sai maganar ta zo da kanta. Na nuna wata mata can nesa tana sussuka. Na ce su lura, taɓarya tana sauka kafin mu ji ƙararta, don sauti tafiya yake yi. Suka ce haka ne. Na ce to gani ma haka yake, sai dai ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na ce duk abin da aka yi a fili da rana, haskensa ya tashi sama, bai ɓace ba, yana can yana tafiya. Wanda ya samu abin hawa da ya fi haske gudu zai riske shi ya kalla.

Liman ya ce, “Ikon Allah. Ko abin da anka yi shekara goma?”

Na ce, “Ko ashirin. Kuma baya-baya zai gan shi, don sabon haske zai fara cim ma kafin tsoho. A ce gobara ce. Zai fara ganin toka. Sai hayaƙi ya sauko daga sama ya shige cikinta, kara ya miƙe, rumbu ya tsaya da jinkarsa. Wutar ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma kan tsinken ashana, ashanar kuma tana hannun mutum.”

Kowa ya san wace gobara nake nufi, kowa ya ƙi duban gefen mai buzun. Mutumin ya naɗe buzunsa ya ce zai duba awaki.

Bayan 'yan makonni ina fitowa daga makaranta sai na gan shi bakin titi, ɗan acaɓa ya sauke shi. Ya ce ya zo Ƙaura ganin likita ne, ya ga ya kamata ya gaishe ni. Na kai shi rumfar mai shayi, ban saya masa ba. Ya yi ta zagaye-zagaye, damina, tsadar taki, sannan ya ce, “Ɗana, wagga magana da ka yi. Turawa sun yi wanga jirgi?”

Na san amsa. Da ɗalibina ne ya tambaya, da na zana masa a allo dalilin da ba za a taɓa yin sa ba, da kuma cewa hasken ya watsu ya tsinke har babu madubin da zai tattaro fuska daga cikinsa. Na ce, “Baba, ai kullum cikin bincike suke. Ka taɓa zaton za ka yi magana da na Makka kana ganin fuskarsa a waya?”

Ya ce, “In sun ga mutum kusa ga wuri, ai ba su ganin abin da ke zuciyatai.”

Na ce, “Ba su ganin zuciya. Abin da ya yi kawai za su gani, da irin tafiyar da ya zo da ita, da ɗingishi ko babu.”

Na bar shi nan zaune na hau Keke Napep. Ban ji tausayinsa ba, ko kaɗan. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun kafin baba ya kwanta.

Bai taɓa amsa laifinsa ba, ni ma ban nema ba. Amma da ruwan shuka ya sauka, ƙanena ya kira ni ya ce ya je gona ya tarar an dasa gamba a tsohuwar iyaka, daidai inda take zamanin baba, har da ƙarin kunya guda ta wajensa. Aka ce kuma mutumin ya daina zama gindin dalbejiya, ya daina fita da rana sai da malafa, yana yawan tambayar masu rediyo ko an faɗi wani sabon abu game da jiragen sama jannati.

Da na je gida, Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ce in zauna. Ta ce, “Wai da gaskiya ana iya ganin ranar gobarar?”

Na ga yadda ta tsayar da rariya tana jira. Ita kam ba zan ruɗe ta ba. Na ce, “Inna, ba a iyawa. Ba za a taɓa iyawa ba.”

Ta dubi garin da ke cikin faifai. Sannan ta ce, “Shi ya sani?”

Na ce bai sani ba.

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta ce, “To, kak ka hwaɗa mai. In ka hwaɗa mai ban yahe ma ba.”

Yana nan da ransa har yau, kuma ban faɗa masa ba.